Da Gangan Nake Karkata Ɗinki Don Inna Ta Yi Mini Faɗa

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Na jefa kaina cikin wani hali da hannuna, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida.

Ni mai ɗinkin labule da zannuwan gado ce, shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a. Mahaifiyata, Inna, ita ta koya mini. Tun da ƙafa ta matsa mata ta bar hawa keken ɗinki, amma ba ta bar shago ba. Kullum tana kujerar roba kusa da ƙofa, tana warware zare tana sa ido. Idon Inna kuwa, ko zare ɗaya ya kauce sai ta hango shi daga inda take.

Bara na buɗe wa shagon shafi a intanet. Wata shida mabiyana ba su kai ɗari uku ba. Ran nan ina ɗaukar bidiyon wani labule, ashe kalmasar ƙasan ta ɗan karkace, sai Inna ta kama faɗa, wai ko akuya na bai wa keken ta taka. Na yi dariya na ɗora shi haka. Kafin kwana biyu wayata har zafi take yi don saƙonni. Yau mabiyana dubu arba'in da bakwai.

To ga inda na ɓata. Na lura in na ɗora labule tsaf, shiru kake ji, sai masu tambayar ina Inna. In ta yi faɗa kuwa, sai shafi ya cika. Ni kuma ba na kuskure kullum, ai ba jiya na fara ba. Sai na fara ƙirƙirar kuskuren. Nakan jingina waya a bayan tulin yadi, in karkata kalmasa da gangan, in miƙa mata. In ta tafi gida in farke in gyara. Inna ta san tana fitowa a waya, har daɗi take ji in an gaishe ta a hanya. Abin da ba ta sani ba shi ne shiri ne.

Duk da wannan taro, aiki bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Na yi wa mai gyaran waya na kusa da shagona ƙorafi, sai ya buɗe mini wani wuri a shafin da ke nuna su wa ke bin mutum. Ban ma san akwai shi ba. Anti, kashi biyu cikin uku samari ne da ba su kai ashirin da biyar ba, yawancinsu a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Ya kuma nuna mini cewa da zarar Inna ta yi shiru na juya waya kan labule, sai su wuce. Waɗannan ko tagar da za su rataya wa labule ba su da ita!

Matan garinmu masu saye kuwa, ashe suna kallo, ba sa cewa komai. Wata malamar makaranta da na yi wa ɗinki shekara bakwai ta koma sabon gida, ta kai aikinta wani wuri. Ta gaya wa ƙanwata wai tana tausayina, ta gani a shafi hannuna ya lalace.

Wannan ma da sauƙi. Makon jiya na miƙa wa Inna karkataccen ɗinki kamar kullum, sai ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana shafa shi a cinyarta. Can ta tambaye ni a hankali ko idona ne ke ciwo, ko wani abu ke damuna a gidan mijina nake ɓoye mata. Ta ce za ta raka ni asibitin ido, in kuma ita ce ba ta koya mini da kyau ba, in yafe mata. Wayar tana nan tana ɗauka. Ban ɗora ba, amma wallahi Anti, sai da zuciyata ta raya mini cewa wannan zai fi duk na baya tashi. Tun ranar nake tsoron kaina.

In na daina, shafin da na yi shekara ina raino ya mutu. In na ci gaba, sunana ya mutu. In na gaya mata gaskiya, da wane ido zan kalle ta? Kullum da safe ina buɗe shago kamar mai shiga kurkuku. Yaya zan yi?

Mai labule

Ƙanwata mai labule,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ba zan yi miki faɗa ba, kina da wadda ta fi ni iyawa.

Bari in ba ki haƙƙinki tukuna. Ba laifi ba ne ki so shafinki ya girma, kuma samarin nan ba maƙiyanki ba ne, sun ga tsohuwa mai ban dariya sun so ta. Amma 'yan kallo ne. Ke kuwa shago kika buɗe, kuma wata da watanni kina tallar abu ɗaya tak: cewa ba ki iya ɗinki ba. Malamar nan ba ta zalunce ki ba, abin da kika nuna mata ta gaskata.

Ga abin yi. Goge bidiyon nan na makon jiya yau ɗin nan, kada ki bar shi a waya yana kiranki. Sannan ki tuna mutum ashirin na ƙarshe da suka kawo miki aiki. Su wane ne, shekarunsu nawa, a wace unguwa suke, me suka tambaya kafin su yarda? Wanda za ki iya kira ki kira shi, ki ji ta ina ya san ki. Waɗannan ne mutanen shafinki, ko da ba su taɓa rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashin bidiyo ba. Su za ki riƙa yi wa magana: yadda kike auna taga, yadda bayan ɗinki yake in an duba kusa, ɗaki kafin labule da bayansa. Duk wata ki leƙa wurin da mai gyaran waya ya nuna miki, ki duba ko matan garinku na ƙaruwa. Dubban can za su zube, kuma za ki ji zafi. Ki bar su su tafi. Ki kuma fito sau ɗaya ki faɗa wa mabiya cewa shiri ne, ki je har gida ki faɗa wa malamar.

Inna ba sai ta bar shafin ba, in ta yarda da saninta. Ta duba aikin gaske, ta faɗi gaskiya. Mai saye zai fi amincewa da labulen da ya tsallake idonta.

Amma duk wannan sai daga baya. Yanzu haka akwai tsohuwar da ke zargin kanta a kan laifin da ba ta yi ba, kuma kowace rana kika ƙara, ke kika ƙara mata. Gobe kafin ki buɗe shago ki je ɗakinta, ki durƙusa ki faɗa mata komai. Kada ki nemi da wane ido za ki kalle ta, ki sunkuyar da kai kawai. Za ta yi fushi, mai yiwuwa ta kwana biyu ba ta zo shago ba. Ki jure. Gara ta san 'yarta ta yi wauta da ta ci gaba da zaton ta kasa tarbiyyar hannunki.

Allah ya huci zuciyarta, ya dawo miki da masu sayenki. Ki bar wayar a gida in za ki je.