Shafi Na Casa'in da Huɗu

Jiddari Polo, Maiduguri
3 ga Maris

Kawu Elnathan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Albishirinka! Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a kan gidanmu, bayan shekara tara. Lauya ya aiko da kwafi, shafi casa'in da huɗu, ya kashe waya. Na karanta arba'in, kaina ya ɗau zafi. Amma ko'ina cewa ake takardar filin Baba ta riga ta mutumin nan da ke ja da mu, har sau shida na ƙirga. Na fassara wa Baba a kan gadonsa, ya yi ta kuka, ya sha kunu kofi biyu, shi da rabonsa da abincin kirki tun Kirsimeti. Lahadi za mu yi godiya a coci.

Ga kwafin na ba direban Biu. Kai da ka tsufa a aikin rajistara a kotu, duba mana yaushe za su cire jan fentin da suka shafa a katangarmu.

'Yarka,
Dorothy

Biu
9 ga Maris

Dorothy,

Na gaishe ki, na gai da mahaifinki Manasse da jiki. Zauna kafin ki ci gaba.

Abin da kika karanta ba maganar kotu ba ce. Alƙali ne yake maimaita hujjojin lauyanku, kalma bayan kalma. Daga shafi na arba'in da biyar ya maimaita na abokin shari'arku, sannan ya kwafo tsofaffin hukunce-hukunce har na gaji da juya takarda. Ra'ayinsa na kansa layi biyar ne, a shafin ƙarshe. An kori ƙararku. Gidan ya tafi.

Ban ga laifinki ba, raina ne ya ɓaci. Na yi aiki da wani alƙali da yake faɗin wanda ya ci tun a layin farko, yana cewa mai ƙara ba lauya ba ne, kada a bar shi yana lalube. Wannan kuwa ya rubuta ne don 'yan'uwansa alƙalai su ce ya yi karatu.

Ki gaya wa mahaifinki a hankali. Allah ya ba ku haƙuri.

Kawunki,
Elnathan Dzarma

Jiddari Polo
16 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso Talata, mun riga mun yi godiyar. Baba ya rasu Alhamis da hantsi.

Ranar Laraba ya ce, "Dorothy, surutun ya isa. Karanta mini ƙarshen kawai." Na buɗe shafin, na ce, "Baba, sun ce gidan Manasse ne." Ya ce, "Ka ji alƙali. Magana ɗaya."

Zuciyata ta ƙi kwanciya, Kawu. Mama ba ta san gidan ya tafi ba har yanzu, jiya ma ta sa aka share bayan gida za ta shuka kuɓewa. Ka zo ka faɗa mata, ni bakina ba zai iya ba.

Ka huta lafiya,
Dorothy