Ni Na Bar Sigari a Ɓoye, Ƙanena Ake Yabo

Gwaggo mai fili, ki taimake ni don Allah kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Kada ki sa sunana. Abin da ke cina a rai har kunyar faɗarsa nake, domin na san sunansa, kuma ba suna mai daɗi ba ne.

Shekarata talatin da bakwai, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da Auta, kuma duk a shagonsa na gyaran kujeru muke aiki tun tasowarmu. Ni ke yankan soso da jan bel ɗin ƙasan kujera da buga ƙusa, Auta yana kan keken ɗinki, Baba kuwa yanzu sai zama a bakin ƙofa yana karɓar baƙi. Shagon yana da doka ɗaya tak da ba a wasa da ita: ba a kunna ko ashana a ciki, saboda soso da gam ba sa shiri da wuta.

Ina da shekara sha tara na fara shan sigari, na sha ta shekara goma sha ɗaya cur, kuma babu mahaluƙin da ya sani a gidanmu. Kullum ni ne mai cewa zare ya ƙare ko ƙusa ta yi ƙasa, don in samu in fita. In zaga bayan layi in sha, in wanke hannu da baki a famfo, in tauna kanumfari, in dawo kamar mutumin kirki. Ganin girman Baba ne ya sa na ɓoye. Saura wata uku aurena na ce ba zan kai wa 'yar mutane wannan warin ɗaki ba, na yar da kwalin. Gwaggo, na ga tasku. Guduma ta sha dukan yatsana, na yi faɗa da kowa har da mai kawo mana katako. Gida suka ce zumuɗin aure ne, aka yi ta tsokanata da shi. Na haɗiye, na wuce. Shekara bakwai ban taɓa kara ɗaya ba, ko matata ba ta san na taɓa sha ba.

Shi kuwa Auta a fili yake shan tasa, ko a jikinsa. Ya tsaya a bakin titi daura da shago yana busawa, Baba yana zazzaga masa faɗa, mahaifiyarmu tana kuka. An taɓa dawo mana da kujera saboda yadin yana warin taba. Shekara biyu da suka wuce ya sayo sigarin lantarki, irin mai cajin nan da ake zuba wa ruwa mai ƙanshi, ya ce ya bar taba. Shi ke nan fa, gida ya ɗauka.

Zan faɗi gaskiya ko da tana min ɗaci. A watannin farko ya canja. Tarin da yake yi da safe kamar zai amayar da huhunsa ya ragu, leɓensa ya washe, warin ya tafi, har ya iya kama min kujera mai zaman mutum uku mu hau bene bai tsaya haki ba. Na ga wannan da idona, kuma maimakon in yi murna sai na ji haushi.

Baba ya mai da shi abin nunawa. Duk wanda ya zo karɓar kaya sai an ba shi labarin Auta da ƙarfin zuciyarsa. Rannan muna cin abinci a gidan Baba, da surukai da jikoki, ya ce a gidansa babu namiji kamar Auta, domin ya yi kokawa da ransa ya kayar. Sai ya nuno ni da cokali yana dariya, ya ce ni kam Allah ya yi ni a miƙe, ban san mene ne jarrabawa ba, don haka babu abin da za a yaba min. Aka yi dariya, ni ma na yi. Bayan nan ya shiga ɗaki ya ɗauko almakashinsa na yankan yadi, wanda yake riƙe da shi tun kafin a haife mu, wanda ko yanka da shi ba ya bari mu yi, ya damƙa wa Auta. Ni na yi shekara ashirin ina wasa almakashin nan ina shafa masa mai. Abincin nan ban san yadda na gama shi ba.

To wai ma me ya bari? Da can sai ya fita waje, kara goma a yini, ya sha ya dawo. Yanzu tunda ba wuta, abin yana nan gefen keke kusa da kwalin zare, ɗinki ɗaya zuƙa ɗaya, shago ya cika da ƙanshin mangwaro, Baba yana cewa ai tururi ne kawai. Wata safiya na zauna ina lura da shi kamar maye, kafin azahar ya zuƙa ya fi sau arba'in. A shekara ta biyu ya koma sayen ruwa mai ƙarfi, ya ƙara sigarin lantarki na biyu a aljihu don kada caji ya yanke masa. Maƙogwaronsa kullum a bushe, gorar ruwa ba ta rabuwa da shi, wani busasshen tari ya dawo, kuma na sha ganinsa ya dafe ƙirji yana cewa zuciyarsa na gudu. Ranar da muka je aiki gidan wasu ya manta da abin a shago, kafin la'asar ya yanka ledar mutane a karkace, ya kuma zage ni a gaban matar gidan. Wannan ne jarumin gidanmu.

Ga inda na cuci kaina. Wata huɗu da suka wuce na je na sayi irin nasa, da niyyar in kai wa Baba kwalbar ruwan in nuna masa an rubuta nikotin a jiki, sinadarin da ke cikin sigari. Sai na tuna idon Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma zai ce baƙin ciki nake wa ƙanena. Na ce to bari in ɗanɗana sau ɗaya, don in na rantse masa abu ɗaya ne, rantsuwata ta zama ta wanda ya sani. Gwaggo, zuƙar farko jikina ya gane ta kamar tsohon aboki. Yau wata huɗu ke nan. Na ɓoye shi a cikin wata tsohuwar kujera da mai ita bai dawo ɗauka ba, zare kuma ya koma ƙarewa kullum. Shekaranjiya na tsinci kaina a gaban mai tebur na sayi kara ɗaya na sigarin gaske. Ban kunna ba tukuna. Yana cikin akwatin kayan aikina, ƙarƙashin tef ɗin awo, kuma duk motsin da na yi ina jin yana kirana.

Duk da haka, in na rufe ido ba kaina nake tunani ba, Auta nake gani da almakashin Baba a hannu. Ƙarshen makon nan za mu sake haɗuwa a gidan Baba. Raina yana ce min in ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma in tona komai, kowa ya ga wanda ake yabo. Ina son ƙanena, wallahi ina sonsa, amma na tsani jin sunansa a bakin mahaifinmu. In tona, ko in ci gaba da haɗiyewa har ta kashe ni?

Babban wa, daga shagon kujeru

*

Ɗana, tunda ka ƙi kiran sunan abin, ni zan kira maka: hassada ce. Ba zan yi maka faɗa a kanta ba, domin tana da dalili. Ka yi aiki mai wuya kai kaɗai, aka ba wani lada a gabanka, aka haɗa da yi maka dariya. Ko wane ne zai ji zafi, kuma maganar Baba ta yi kaifi.

Sai dai ka yi wa tsohon adalci. Mutum ba ya yaba abin da bai gani ba, kai kuma ka yi shekara sha takwas kana tabbatar da cewa bai gani ba. Ɓoyewar ta biya ka da suna mai kyau. Duk shekarun da Auta yake shan faɗa a bakin titi, kai kana cikin inuwa ana cewa ɗan albarka. Shi ya sha kunyarsa a fili, shi ya sa yabonsa ya zo a fili. Almakashin nan ba hukunci ba ne a kan darajarka. Uba ne da ya daɗe yana tsoron zai binne ɗansa, ya ga alamar sauƙi, ya miƙa abin da ya fi so.

Game da na'urar, ni ba likita ba ce, amma abin da ka lura da shi ya yi daidai da abin da masu aikin lafiya suke faɗa. Wanda ya bar sigari gaba ɗaya ya koma mai caji ya rabu da hayaƙin ƙonewa, shi ya sa tari da wari suka ragu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma nikotin yana nan, kuma tunda babu kara da zai ƙare, babu fita waje, mutum yana iya sha fiye da da bai sani ba. Abin da take yi wa jiki bayan shekaru masu yawa har yanzu ba a gama saninsa ba. Saboda haka Auta bai yi ƙarya ba, bai kuma gama ba. Ya taho rabin hanya ya zauna, yabon Baba kuma ya sa tashi zai yi masa wuya. Bugun zuciyar nan da busasshen tari suna bukatar likita ya duba, ba sai an jira ba.

Yanzu kai. Gidanka ne ke cin wuta kana leƙen na maƙwabci. Yau ɗin nan, kafin ka gama karanta jaridar, ka ɗauko karan nan ka karya ka zuba masa ruwa. Ka fitar da na'urar daga cikin kujera ka rabu da ita. Ka je wurin likita ko mai kantin magani ka faɗa masa gaskiya, akwai abubuwan da ke rage wahalar makonnin farko, ba sai ka sake yi da ƙarfin tuwo ba. Shekara bakwai ɗinka ba su zube ba, jikinka ya amfana da su, kuma ka riga ka san hanya. Ka faɗa wa matarka. Za ta ji haushi na kwana biyu, amma gara ta ji daga bakinka da ta tsinta a aljihu.

Kada ka kai kwalbar nan gaban tabarma. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, kai ma shaida ne, tunda wanda ka fara ginawa kai ya rufta da shi. In ka tona Auta a gaban surukai, Baba ba zai juyo ya yabe ka ba. Zai rasa farin cikinsa, Auta zai iya komawa sigari don haushi, kai kuma za a tambaye ka yadda aka yi ka san ɗanɗanonta. In lokacin yi wa Baba magana ya zo, ku je ku biyu, kuma ka fara da naka labarin.

Wanda za ka fara samu shi ne Auta. Ka zaɓi lokacin da Baba ya tafi gida, ka ja kujera kusa da kekensa, ka faɗa masa duka, har da dalilin da ya sa ka sayi na'urar, duk da muninsa. Ka ce masa za ka sake bari, kana son abokin tafiya, shi ya riƙa rage ƙarfin ruwan da shawarar likita, kai kuma ka riƙe shi ranar da sha'awar za ta taso masa. Wataƙila ya yi fushi da farko, ka ba shi lokaci.

Yabon da kake nema a bakin Baba, ko ya ba ka ba zai ƙosar da kai ba, domin bai taɓa sha ba, bai san nauyin abin ba. A duk gidanku mutum ɗaya ne zai ji an ce shekara bakwai ba kara ko ɗaya ya san abin da aka faɗa, shi ne wanda ya kasa yin rabin yini babu ita. Shi kake shirin kunyatawa.

Allah ya yaye muku ku biyun, ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku tare.

Gwaggonku