Kada Inna Burulkan Ta Leƙa Waje

Yaya Temirbek,

Esenbek ɗan Inna Burulkan ya rasu a Mosko, daga kan gini ya faɗo. Da safe aka bugo wa liman waya. Ita ba ta sani ba, sai bayan azahar dattawa za su shiga su faɗa mata tare, yadda aka saba.

Kawu Joldosh kuwa, da jin labari ya buɗe ɗakin ajiyar kayan jama'ar gari, ya kwaso tantin makoki ya zube a ƙofar gidanta. Na ce, "Kawu, kanka ɗaya kuwa? Ba a faɗa wa uwar ba!" Wai shi taimako yake. Ka san ita ta ɗinka rufin tantin nan, shekarar da dusar ƙanƙara ta binne mana mutum tara. Ko gefensa ta hango ta gane, ga zuciyarta ba ƙwari.

Na shiga wurinta na ja mata labule. Ta ce ƙarar me take ji, na ce itace ake saukewa.

Kana dawowa ka wuce wurinta, ka sha shayi, ka ja ta da hira. Kada ta leƙa waje.

Ga wata baƙuwa ta sauka daga tasi yanzun nan, da jariri a hannu. Gidan su Esenbek take tambaya, har ta fara rusa kuka. Na tafi in tare ta kafin Inna ta ji kukan.

Ainagul