Itacen da Aka Hana Girma

Gorton, Manchester

Ƙanena Bara'u,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ɗanka Safwan yana kula da ni.

Ranar Asabar ya kai ni lambun 'yan China wajen Birmingham. Da na ji an ce lambu, sai na ɗauki jaka in samo maka iri. Bara'u, ko tumatir ɗaya babu. Duwatsu ne kawai, da kududdufi cike da ƙosassun kifaye da aka hana kamawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wani itace ne a tukunya, bai kai gwiwata ba. Wai shekararsa saba'in, sa'ana ke nan. Datse saiwarsa suke yi, su ɗaure rassansa da waya don kada ya girma. Safwan ya ce, "Baba, art ne." Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ka turo mini hoton tsamiyar ƙofar gidanmu.

Kada ka damu da ni. Flat ɗin da nake zaune a ciki da ɗumi, ina da tagata, kuma ana ba ni ruwa a kan lokaci.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Sunusi