Kada Sani Ya Sayar da Jirginsa

Camberwell, London

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya ruwa a Yawuri bana? Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Na saurari kaset ɗinka, na ji ƙanenmu Sani yana son sayar da jirginsa na kamun kifi ya bi wani kamfanin masu kama kifin tuna a teku. To, na gamu da wakilinsu a masallacin Regent's Park bayan Juma'a, wani Alhaji mai zaƙin baki. Ya ja ni gefe ya nuna mini hotunan kamunsu.

Yaya, a karatun kifin da nake yi, na san tuna in ya girma yakan fi mutum nauyi. Waɗanda ke hoton kuwa ba su wuce tsawon hannuna ba. Idon tarunsu ko yatsu biyu ba za su shiga ba. Ka san Baba ba ya yarda a jefa tarun da yatsu huɗu ba su ratsa idonsa ba.

Na ce, "Alhaji, ina manyan?"

Ya ce, "Ɗana, kifin teku ba ya ƙarewa." Nan da nan ya mai da hotunan aljihu.

Raina bai kwanta ba. Masunci ba ya komawa kan 'ya'yan kifi sai iyayen sun ƙare. Ranar da 'ya'yan ma suka ƙare, kamfani zai ƙara gaba, Sani ya dawo gida ba jirgi.

Ku sa ni a addu'a. A gaida Inna da Kawu Bala. Sani kuwa, kafin ya kira mai saye, ka miƙa masa tarun Baba ya zura yatsunsa.

Ƙanenka,
Umaru