Maganin Ɓeraye Ga Kafinta

Baban Mami,

Sallama da fatan kana lafiya. Tun da ka sake ni ban roƙe ka ko allura ba, yau ga ni. Maigidana kafinta ya taka ƙusa a shago, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Ƙafar ta ruɓe, ƙwayoyin cutar suka shiga jini. Yanzu yana kwance asibiti, inji ke yi masa numfashi, likita ya ce zuciyar ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata.

Wannan ciwon ne ka ƙarar da ƙuruciyata kana nema wa magani a ɓawon itace. Ranar da na haifi 'yarmu kana can wurin ɓerayen gwajinka. Ka taɓa ce min in ka ba su maganin suna warkewa. Ka kawo masa.

Na bar ka lafiya,
Maman Mami

*

Maman Mami,

Amin wa alaikis salam. Allah ya ba shi lafiya. Wallahi abin da na tace daga ɓawon nan bai taɓa shiga jikin ɗan Adam ba. Ɓeran ma sai an ba shi da wuri, kuma wasu hantarsu ke lalacewa. Ban san awon da mutum zai ɗauka ba. In na ba shi, ina iya zama ajalinsa. Ki bar likitocin su yi aikinsu, suna kan hanyar da ta dace.

Ki gaishe min da Mami.
Babanta

*

Malam mai bincike,

Barka da aiki. Jiya da hantsi na hango ka ta tagar ɗakin da yake kwance, tsaye kusa da kujerun masu jinya, hannunka cikin aljihun farar rigarka. Ka daɗe, sannan ka juya. Mami ma ta gan ka. Ta tambaye ni ko kishi ne ya hana ka shigowa, na ce ta tambayi ubanta.

Kafintan nan shi ya koya mata keke, shi ke zuwa makarantarsu in an kira iyaye. Bai taɓa faɗin aibinka ba.

Wadda ta roƙe ka

*

Maman Mami,

Sallama, da ta'aziyya. Yanzu na ji. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Kwalbar maganin ce a aljihuna, ba zan musa ba. Na zo da ita, na ga fuskarsa, na kasa. Ko yau aka maimaita ba zan ba shi ba, kuma ba kishi ba ne. Ki bar ni in zo in yi wa yarinyar bayani da bakina.

Naki cikin alhini,
Baban Mami

*

Malam,

Mun amsa gaisuwa, Allah ya ba da lada. Na karanta wa Mami takardarka har ƙarshe. Ta ce kada ka wahalar da kanka, babanta ya rasu.

Ka huta lafiya.