Baƙaƙe Huɗun da Ka Jira Amsarsu

Zuwa ga mahaifina, Malam Isufu Mai Alƙalami, na Madarumfa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, tare da ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace. Mu nan lafiya muke, sai dai tsufa da ya fara taɓa gwiwa. Tabki ya cika bana har ya lashi gefen lambun Habu, ƙanena, kuma har gobe shi ke zaune a gidanka.

Na san ba a kai wa wanda ya riga mu gidan gaskiya wasiƙa. Amma akwai tambayar da ka yi mini a rubuce, ka zauna jiran amsa, ni kuwa na riƙe ta. Yau nake so in sauke.

Jikarka Hawa'u ce ta tono zancen. Tana aiki a wata maɗaba'a a Yamai, kuma da ta zo hutu ta buɗe akwatina ta kwashe wasiƙunka kaf. Wai za ta sa hannunka cikin na'ura, yadda duk wanda ya buga rubutu zai fito kamar kai ka rubuta. Na ce mata kakanki ko takarda mai layi ba ya so, balle na'ura. Ta yi dariya ta ce, "Abba, ai shi ya fara aikin, ni ƙarasawa zan yi."

Ina tuna ka a gindin gawon nan na bakin hanya, farkon shekarun mulkin kai, da gwangwanayen fenti a gabanka da alƙaluman kara a cikin kwando. Direbobin Ɗan Issa sukan ajiye kamyo, manyan motocin kaya, kwana biyu suna jiran ka rubuta musu a goshin mota, alhali ga masu fenti birjik a Maraɗi. Ba ka taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba. A kayena, littafin rubutuna na makaranta, ka koyi boko, kana jan shi daga hannuna kana cewa rubutun malaminmu na lakwal kamar bai ci abinci ba. Sai ka fere kara, ka tsoma a tawada, ka yi baƙaƙen Nasara da hannun da ka yi allo da shi. Bayansu ya yi kauri, wutsiyarsu ta yi siriri, suka zauna daram a kan layi kamar ajami. Ko daga nesa aka hango allon shago, an san hannun Malam Isufu ne.

Kuma kana da al'adarka da ban ga wani gida na yi ba. Duk jaririn da aka haifa mana, ɗa ko jika, ranar suna sai ka sa an sassaƙo ƙaramin allo na aduwa, ka rubuta sunan da ajami a fuska ɗaya, da boko a ɗaya fuskar, da tawada mai ƙaro da yawa don kada ta goge. A rataye shi a ɗakin mai jego. Kakan ce, "Wanda ban rubuta ba, ban gama sanin shi ba." Nawa yana nan, igiyar kawai na sake.

A 1969 aka ba ni gurbin karatu a Tarayyar Sobiyat, in koyo kiwon kifi. Ka yi dariya har ka ajiye buroshi. Ka ce ɗan Madarumfa, wanda ya tashi da ƙarnin tarwaɗa a riga, shi ne za a kai ƙasar ƙanƙara a nuna masa kifi. Amma kai ka raka ni tasha, kuma kai ka rubuta sunana a jikin akwatin ƙarfen da na tafi da shi.

Shekara uku bayan haka na yi abin da na ji tsoron faɗa maka. Na auri Nina, abokiyar karatuna, ba da saninka ba. Na yi shiru har ta haihu, sannan na haɗa labari biyu a wasiƙa ɗaya, aure da haihuwa, don in sha faɗa sau ɗaya. Na gaya maka na sa wa yarinyar sunan mahaifiyarka, Hawa'u. Gaskiya, Baba, har da wayo a ciki, na san sunan zai sassauta maka.

Wata biyu ina zuwa wurin tsohuwar da ke raba wasiƙu a ƙofar gidan ɗalibai. Da amsarka ta zo, layi uku ce. Babu faɗa, babu barka. Ka ce, "Na ji uwata ta dawo. Ka aiko mani baƙaƙen mutanen uwatta, duka, kar ka rage ko guda. Allonta huska ukku za shi yi."

Na yago shafin farko na littafin koyon Rashanci na aika maka, baƙi talatin da uku. Na sa alama a kan 'yan kaɗan da sunanta ke bukata, na ce waɗannan sun isa. Ka mayar mini da cewa ba a shiga gida a gaida mutum huɗu a wuce sauran. Kuma ka ce shafin da na aiko ba shi da amfani, domin rubutun inji ne, ba ya nuna inda alƙalami ke shiga da inda yake fita. Kai ba ka kwafar hoto. Sai hannunka ya san hanyar baƙi kafin ka yarda ka rubuta shi.

Nina ce ta warware mana. Ta zauna da yarinya a cinya, ta rubuta kowane baƙi da girma, ta ja 'yar kibiya tana nuna mafari da ƙarshe. Daga nan aiki ya kankama. Kowace wasiƙa taka sai ta zo da baƙi uku ko huɗu a ƙasan shafi, kowanne ka yi shi sau bakwai, sannan tambaya guda, "Sun yi?" Nina ta duba da jan fensir, ta zagaye wanda ya fi, ta gyara wanda ƙafarsa ta zarce, ni in fassara bayaninta in aika maka, shafin kuma in adana. Zuwa da dawowa wata biyu, wani lokaci uku.

Ka raɗa musu sunaye yadda ake yi wa baƙaƙen allo. Akwai wanda ka kira rumbu, saboda yana tsaye a kan 'yan ƙafafu biyu. Akwai gizo mai ƙafa shida, wanda ya ba ka wuya har wasiƙa biyu. Akwai mai riƙe da ƙugu, wanda ka ce Inna ce sak idan ka makara cin tuwo. Da na fassara wa Nina wannan, ta yi dariya har yarinya ta farka. Tun daga ranar, duk sanda ta tsaya mini a ƙofa da hannu a ƙugu, da sunan baƙin nan nake kiranta.

Ranar da ambulan ya zo da adireshi gaba ɗaya da baƙaƙen Rashawa a hannunka, tsohuwar nan mai raba wasiƙu ta ƙi sakar mini shi. Ta ɗaga shi wajen taga, ta juya, ta tambaye ni wane ne ya rubuta. Na ce mahaifina ne, a wani gari bakin tabki, da karan ciyawa. Ta ce rabonta da ganin rubutu mai nauyi haka tun littattafan kakarta. Na hau bene ina jin kamar ni na yi. Ban taɓa gaya maka wannan ba, kuma na san da ka ji daɗi, ko da za ka ce tsohuwar ba ta san rubutu ba.

To, ga inda na ɓata. Duk tsawon wannan lokaci ba ka taɓa rubuta sunan Nina ba. Ba ka ce ka yafe ba, ba ka ce ka karɓa ba. Kullum "mai jan alƙalami" kake ce mata: ka gaida mai jan alƙalami, ka tambayi mai jan alƙalami ko wutsiyar nan ta yi tsawo. Ni kuwa ina da shekara ashirin da 'yan kai, na sha littattafai, kaina ya kumbura. Na ɗauka kewaye-kewaye kake yi don kada ka taɓa ainihin maganar. Abin ya riƙa cina a rai. Ina so ka faɗa da baki, a fili, irin yadda na ga iyayen can suna yi.

Na manta gidan da na fito. Na manta ban taɓa jin ka kira sunan Inna ba, kuma ni kaina, ɗan fari, "wannan yaron" kake ce mini har na yi gemu. Mutumin da ya ajiye aikin direbobi ya zauna shekara biyu yana koyon rubutu a hannun surukarsa, yana karɓar gyaranta ba musu, me ya rage ya faɗa? Nina ta gane tun tuni. Ni da na san harshenku duka biyu, ni ne ban ji ba.

A farkon 1975 baƙaƙe huɗu na ƙarshe suka iso. Hannunka ya ɗan yi rawa a wurin, na lura, amma na ce sanyi ne. A ƙasa ka rubuta cewa ka riga ka sa an sassaƙo allon, mai faɗi, don fuska ɗaya ta ɗauki rubutu biyu, kuma da zarar amsa ta zo za ka rubuta sunan uwarka ka aiko. Nina ta duba a ranar. Ta rubuta amsa, ta miƙo mini takardar ta ce in kai gidan waya gobe.

Ban kai ba. Na sa ta cikin littafi. Na ce a raina bari in ja maka rai kaɗan, ko ka gaji da jira ka rubuto ka tambayi lafiyarta da sunanta. Nina ta tambaye ni sau biyu, na ce na aika. Sati ya zama wata, wata ya zama uku. Sai ga wasiƙa daga Madarumfa, adireshin da boko, a karkace, hannun Habu. Tun kafin in buɗe na zauna a kan matakala.

Sai bayan shekara muka samu dawowa, mu uku. Inna ta karɓi yarinyar ta goya ta, ta kama hannun Nina ta shigar da ita ɗaki, ba wanda ya fassara wa wani komai. Da aka natsa na tambayi takardunka, domin na san ba ka aiko mini sai wanda ka zaɓa, sauran suna gida. Inna ta ce sun cika buhu guda. Bayan addu'ar bakwai aka kai wa Liman, ya juya su sama da ƙasa, ya ce wannan ba Larabci ba ne, ba boko ba ne, kuma ba ya iya rantsuwa babu sunan Allah a ciki. Rubutun malami ba a barin shi akuya ta ci ko yara su taka. Sai suka naɗe su a farin ƙyalle, suka haƙa rami mai zurfi a wuri mai tsarki bayan gari, suka binne. Da girmamawa suka yi, Baba, ban ga laifinsu ba.

Allon kawai ta ajiye. Ta ciro shi daga ƙarƙashin gado, an goge shi sumul, an huda, har da igiya, babu ko ɗigon tawada. Ta ce, "Kullum in mai kai wasiƙu ya wuce sai shi aika a tambaya. Na ce mashi, Malam, rubuta mana hakanan, wa zai gane? Ya ce a'a, ba a ba shi izini ba tukuna."

A daren ban iya haɗa ido da Nina ba, amma washegari na gaya mata gaskiya, na nuna mata takardar a cikin littafin. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna da ni shekara talatin da takwas a ƙasar nan, ta iya Hausa har tana yi wa masu kifi ciniki suna kuka da ita, kuma ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Yanzu ita ma tana wajenku. Idan ana haɗuwa a can, ka riga ka san ta, ita ce mai jan alƙalami.

Jikokinka tara ne ka riska, kuma takwas suna da allo. Hawa'u ta tashi da nata fari fat a rataye a ɗaki. Tana ƙarama takan tambaye ni me ya sa, in ce tawada ce ta ƙare. Na gwada rubutawa da kaina ba sau ɗaya ba, in fere kara, in tsoma, sai in ajiye. Hannuna na ma'aikacin gwamnati ne, bai ci abinci ba.

Makon jiya ta kira ni daga Yamai. Ta ce ta gama baƙi ashirin da tara, domin a kowanne akwai wanda mamanta ta zagaye da ja, ta san wanda za ta ɗauka. Amma shafin ƙarshe babu jan fensir ko kaɗan, ga baƙi huɗu kowanne sau bakwai, ba ta san wanne aka yarda da shi ba. Ta ce, "Abba, ko Mama ba ta duba wannan ba ne?" Na ce ta duba. Sannan na gaya mata abin da na gaya maka yanzu, duka, har da littafin. Sai ta ce, "To ka gaya masa mana."

Shi ya sa na zauna. Baba, sun yi. Duka huɗun sun yi. Nina ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da fensir a hannunta, ta rasa inda za ta taɓa, ta ce duk wanda ka ɗauka a cikin bakwai ɗin daidai ne. Abin da ta rubuta maka a takardar da na ɓoye ke nan, kuma a ƙasa ta sa da Hausarta ta farko, wadda ta roƙe ni na koya mata, "Na gode, Baba." Ka gama aikinka tun a lokacin, ni ne na hana ka sani. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ya haɗa ka da Inna da Nina a inuwa ɗaya. Ya ba ka littafinka a hannun dama, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ni ne ɗanka mai kewarka,
wannan yaron,
Lawali.